Tsakanin Goge da Komo: Darajar Abin Kiɗa Mai Ruwa Biyu da Gurbinsa a Ƙasar Zamfara

Mafi yawan kayan kiɗan tsirkiya, a duk inda ake kaɗa su a duniya, sun kasu gida biyu manya gwargwadon yadda ake fitar da sauti daga jikinsu. Akwai waɗanda ake gogawa da ɗan baka mai ɗaure da izgar doki, irin su goge da kukuma a ƙasar Hausa, waɗanda sautinsu ke miƙewa yana lanƙwasa muddin hannun makaɗi bai tsaya ba. Akwai kuma waɗanda ake fizga da yatsa ko da farke, irin su garaya da komo da gurmi da molo da kuntigi, waɗanda sautinsu ke fita da ƙarfi a taɓin farko sannan ya dusashe nan da nan. Kimanin shekaru 200 ke nan maƙeran kayan kiɗa a Turai, daga baya kuma a Amurka, suna neman abin kiɗa guda da zai yi aikin gidajen biyu, kuma a wannan zamani neman ya fi karkata ga haɗa celo, wato babban gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, da jitar bes, wato jitar lantarki mai kaurin murya wadda ke riƙe ƙasan kiɗa.

Batun yana da gurbi a Gusau da Tsafe da Bunguɗu fiye da yadda za a zata, domin idan aka jera kayan tsirkiyar Hausa aka saurare su ɗaya bayan ɗaya, za a tarar cewa masu miƙa sauti duk siririyar murya gare su, masu kaurin murya kuwa duk fizgarsu ake yi. Abin gogawa mai kaurin murya bai samu zama a cikin dangin ba, kuma wannan gurbi ne fiyanon lantarki ya shigo ya cike a ɗakunan ɗaukar waƙa, tare da duk abin da hakan ya jawo wa makaɗan gargajiya. Abin kiɗa mai ruwa biyu, idan aka ƙera shi da la'akari da harshen Hausa da yanayin ƙasar da aljihun makaɗa, hanya ce ta mayar da wannan gurbi hannun masu tsirkiya.

Iyayen biyu

Celo ya samo siffarsa a arewacin Italiya cikin ƙarni na 16, inda gidan Andrea Amati na birnin Kiremona ya yi suna wajen ƙera shi, sannan Antonio Stradivari ya daidaita girman da ake bi har yau a farkon ƙarni na 18. Jikinsa akwatin katako ne mai ƙugu, ana kafa shi a ƙasa bisa wani tsinken ƙarfe, makaɗi yana zaune ya rungume shi tsakanin gwiwoyinsa. Tsawon ɓangaren tsirkiyar da ke kaɗawa ya kai kimanin santimita 69, kuma tsirkiyarsa mafi kauri tana kaɗawa sau 65 a daƙiƙa guda, wanda shi ne ma'aunin da masana ke auna zurfin sauti da shi: gwargwadon ƙarancin kaɗawa, gwargwadon kaurin murya. Wuyan celo sumul yake, babu wata alama da ke tsayar da yatsa, don haka makaɗi yana iya zamewa daga wannan sauti zuwa wancan ba tare da tsalle ba, kuma kunnensa ne kaɗai ke gaya masa inda zai dafa.

Jitar bes kuwa 'yar ƙarni na 20 ce. Paul Tutmarc na birnin Siyatil a Amurka ya ƙera irinta a shekarun 1930, amma ba ta karɓu ba sai da Leo Fender ya fito da samfurin Precision Bass a Kalifoniya a 1951. Jikinta dunƙulallen katako ne marar rami, sautinta kuwa yana bi ta wata na'urar maganaɗisu da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe, wadda ke mayar da kaɗawarsu lantarki ta aika wa lasifika. Tsawon tsirkiyarta inci 34 ne, wato kimanin santimita 86, kuma mafi kaurinsu tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa. A wuyanta an gitta 'yan ƙarafa a jere kamar matakala, waɗanda ke yanke tsirkiya daidai wurin da aka ƙayyade, abin da ya sa ko sabon shiga yake iya fitar da sauti marar kuskure. Sauƙin ɗauka da sauƙin koyo ne suka sa ta kori katon bes na katako, mai tsayin kusan mutum, daga yawancin rukunonin kiɗan zamani cikin 'yan shekaru.

Kowanne daga cikin biyun yana da abin da ɗan'uwansa ya rasa. Celo yana da doguwar murya mai iya bin kukan zuciya, sai dai yana da tsada da saurin lalacewa, kuma bai kai can ƙasan da kiɗan rawa ke so ba. Jitar bes tana da zurfi da ƙwari da ƙarfin bugu, sai dai tsirkiyoyinta a shimfiɗe suke bai ɗaya, don haka baka ba ya iya taɓa guda ba tare da ya shafi maƙwabciyarta ba.

Tarihin haɗin

Haɗa gogawa da fasalin jita tsohon tunani ne. Tun ƙarshen ƙarni na 15 ake da biyola da gamba a Sifaniya da Italiya, mai tsirkiya shida da matakala a wuya, wadda ake gogawa da baka. A 1823 maƙerin jita Johann Georg Stauffer na birnin Biyana ya fito da abin da aka fi sani da arfejiyone, mai tsirkiya shida da aka ɗaure bisa tsarin jita, amma ana riƙe shi ana gogawa kamar celo. Shahararren mai tsara kiɗa Franz Schubert ya rubuta masa kiɗa na musamman a 1824, amma ba a buga rubutun ba sai 1871, lokacin da abin kiɗan ya riga ya ɓace daga hannun makaɗa, har ya zama a yau da celo ko biyola aka fi kaɗa shi. Ƙirar arfejiyone ba ta da wani babban aibu; abin da ya kashe shi shi ne rashin makaɗa da yawa da suka rungume shi, da rashin malaman da za su koyar da shi, da rashin tarin kiɗan da aka yi domin shi.

A fagen kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka an bi ta wata hanyar daban. Oscar Pettiford, gwanin katon bes, ya koma ga celo wajen 1950 ya sake ɗaure tsirkiyoyinsa bisa tsarin bes yana fizgarsu da yatsa, Ray Brown ma ya bi sahu da faifan da ya fitar a 1960. A ɗaya ɓangaren, Jaco Pastorius ya cire ƙarafan wuyan jitarsa ta bes domin ya samu zamewar sauti, salon da ya yaɗu a shekarun 1970. Daga baya Ned Steinberger, ta kamfaninsa na NS Design a Amurka, ya ƙera abin da ake kira Omni Bass, wanda tsawon tsirkiyarsa ya yi daidai da na jitar bes, amma an lanƙwasa wuyansa da abin da ke tallafe da tsirkiyoyinsa yadda baka zai iya kama kowace ita kaɗai. Ana iya ɗaure shi bisa tsarin bes ko na celo, ana iya rataya shi a jiki ko a kafa shi, kuma na'urar ɗaukar sautinsa tana da mabuɗin da ke sauya ta tsakanin gogawa da fizga, saboda tsirkiyar da aka goga tana kaɗawa ne gefe da gefe, wadda aka fizga kuwa ta fi kaɗawa sama da ƙasa. Wani maƙerin a Kalifoniya, Jonathan Wilson, ya farfaɗo da tunanin Stauffer da abin da ya kira GuitarViol, wanda masu kiɗan fina-finai suka karɓa hannu bibbiyu.

Dangin tsirkiya a ƙasar Zamfara

Zamfara ƙasar makaɗa ce, kuma ba a iya ba da tarihin waƙar baka ta Hausa a tsallake ta. Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na III, a Rawayya ta ƙasar Bunguɗu aka haife shi, ya kuma rasu a 1973. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru duk daga yammacin Zamfara suka fito, kuma su ne suka kai kiɗan kotso da tsarin jagora da 'yan amshi matsayin da har yau ake koyi da shi. A irin wannan rukuni, jagora yana ɗaga murya, 'yan amshi suna karɓa suna ƙari da muryoyi masu kauri, ganguna suna riƙe ƙasa, wanda ke nuna cewa kunnen mutanen yankin ya daɗe da sabawa da kiɗa mai hawa-hawa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, ya tattara tarihin da yawa daga cikin waɗannan makaɗa a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa, kamar yadda David Ames da Anthony King suka tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da sassansu a ƙamus ɗin da suka buga a 1971.

A ɓangaren tsirkiya, an san Sani Ɗan Indo na Gusau da kiɗan kuntigi, an kuma san Hassan Wayam, haifaffen ƙasar Maradun wanda ya zauna Zariya har rasuwarsa a 2020, da kiɗan kukuma. Garaya da babbar 'yar'uwarta komo kayan kiɗan maharba ne tun asali, kafin su shiga fagen bori da bukukuwa, kuma ƙasashe masu duwatsu da dazuzzuka irin su Kwatarkwashi da Tsafe, inda farauta da tsoffin al'adun Maguzawa suka daɗe, wurare ne da irin wannan kiɗa ya samu mazauni.

Duba da kyau ga yadda aka gina goge yana bayyana dalilin siririyar muryarsa. Ana samun ƙwarya mai kauri a yanke ta rabi, a rufe bakinta da fatar guza, a huda wata taga a gefen fatar domin sauti ya fita, sannan a soka sanda ta ratsa ƙwaryar ta zama wuya. Tsirkiyar curin izgar doki ce, wadda ake ɗaurewa daga gindin sandar zuwa samanta, ta haye wani ɗan itace da ake kira jaki, wanda ke zaune bisa fatar yana isar mata da kaɗawar tsirkiya. Makaɗi yana shafa ƙaro a izgar baka domin ta riƙa kama tsirkiyar tana saki sau ɗaruruwa a daƙiƙa, kuma wannan kamu da saki ne ke haifar da sautin da ba ya yankewa. Yatsun hagunsa ba sa danne tsirkiyar har ta taɓa sanda, suna dai dafa ta a hankali, wanda ya ba shi damar yin kwalliyar sauti mai sauri. Tun da tsawon tsirkiyar bai wuce tsawon gashin wutsiyar doki ba, kuma ƙwaryar ƙarama ce, goge ba shi da hanyar sauka ƙasa. Garaya da komo kuwa suna da tsirkiya biyu da jiki mafi girma, ana taɓa su da farken fata mai tauri, a saman wuyansu kuma akwai ceba, wato ɗan faifan ƙarfe mai zobba da ke ƙara wa kowane taɓi amo, amma sautinsu gajere ne kuma ba a gina su domin baka ba.

Yadda fiyano ya cike gurbin

Tun daga shekarun 1990, lokacin da fina-finan Hausa na bidiyo suka bunƙasa a Kano, ɗakunan ɗaukar waƙa suka dogara ga fiyanon lantarki, musamman samfuran Yamaha PSR, wanda mutum guda zai zauna gabansa ya fitar da kwaikwayon kalangu da sarewa da goge da bes duk a lokaci ɗaya. Sauƙi da arha suka sa salon ya mamaye waƙoƙin soyayya da na siyasa da na biki, har ya kai Gusau da sauran biranen Arewa. A Zamfara abin ya zo daidai da wasu sauye-sauye: ƙirƙiro jihar a ranar 1 ga Oktoba 1996, ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoba 1999 wadda ta rufe gidajen giya ta kuma taƙaita tarukan da ke cakuɗa maza da mata, sannan matsalar tsaro ta shekarun baya-bayan nan wadda ta rage taron dare da tafiye-tafiyen makaɗa tsakanin ƙauyuka. Goge da garaya, waɗanda tun zamanin jihadi malamai ke kallonsu da zargi saboda alaƙarsu da bori, su ne suka fi jin jiki.

Fiyano yana da iyakarsa, kuma iyakar ta shafi harshe kai tsaye. Hausa harshe ne mai karin sauti, inda gaɓa ke ɗaukar karin sama ko na ƙasa ko na faɗau, ga kuma dogon wasali da gajere, kuma waƙar baka tana bin waɗannan sosai. An raba maɓallan fiyano bisa matakai goma sha biyu daidai-wa-daida na tsarin Turai, alhali yawancin waƙoƙin gargajiya na Hausa bisa matakai biyar suke tafiya, kuma mawaƙi yakan tsaya a wuraren da ke tsakanin maɓalli da maɓalli. Idan aka ɗora irin wannan waƙa bisa fiyano, muryar mawaƙin ce ke komawa ta bi na'ura, kuma da sannu kunnen matasa yana mancewa da lanƙwasar da ta bambanta waƙar Zamfara da ta ko'ina.

Fa'idojin mai ruwa biyu

Fa'ida ta farko ita ce iya bin muryar namiji a inda take. Muryar magana ta baligin namiji tana kaɗawa tsakanin kimanin sau 85 zuwa 180 a daƙiƙa, wanda yake daidai tsakiyar fagen abin kiɗa mai tsirkiyar santimita 69 zuwa 86. Kukuma tana bin mawaƙi ne daga sama, tana maimaita abin da ya faɗa da siririyar murya, amma abin gogawa mai kauri, wanda wuyansa sumul yake, zai iya tafiya kafaɗa da kafaɗa da jagora ko ya tsaya cikin 'yan amshi ya ƙarfafa su, yana faɗuwa inda karin faɗau ya faɗi, yana jan dogon wasali iya tsawonsa.

Fa'ida ta biyu ita ce haɗa aiki biyu a hannu guda. A wurin da kiɗa ke son motsi, makaɗi zai ajiye baka ya fizgi tsirkiya da yatsa irin na mai komo, ya haɗu da ƙwarya ko kalangu wajen riƙe taki; a wurin da waƙa ta koma ta'aziyya ko wa'azi ko yabon wani da ya rigaya, sai ya ɗauki baka ya miƙa sauti. Ga ƙaramin rukuni da ke raba abin da aka samu a wurin biki tsakanin mutum huɗu ko biyar, kuma yake hawa babur ko motar haya a hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe da Kwatarkwashi da Gusau ta nufi Bunguɗu, abin kiɗa guda mai aikin biyu, wanda za a iya saɓawa a kafaɗa, ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Fa'ida ta uku ta shafi yadda ake sauraron waƙa a yau. Mafi yawan masu sauraro da wayar hannu ko ƙaramar rediyo suke ji, kuma lasifikar waɗannan na'urori ba ta iya fitar da sauti mai zurfi, shi ya sa bes ɗin da aka fizga yakan ɓace gaba ɗaya a waya. Tsirkiyar da aka goga kuwa tana fitar da sautin tushe tare da jerin wasu sautuka na sama masu ƙarfi, waɗanda ke kaɗawa ninki biyu da ninki uku da ninki huɗu na tushen, kuma kunnen ɗan Adam yana da baiwar gano tushen daga waɗannan ko da lasifika ba ta fitar da shi ba. Saboda haka kaurin abin gogawa yana isa kunnen mai sauraro ko ta ƙaramar waya.

Fa'ida ta huɗu ita ce sauƙin shiga ga makaɗa iri biyu. Matashin da ya koyi jitar bes a coci ko a rukunin kiɗan zamani zai tarar da tsawon wuya da tsarin ɗauri da ya saba da su, sai koyon baka ya rage masa. Ɗan gidan masu goge kuwa ya riga ya mallaki hannun dama da kunne, sai sabawa da nisan da ke tsakanin yatsu. Ta haka abin kiɗa guda zai iya zama mahaɗar mutanen da a yau ba sa zama inuwa ɗaya.

Wahalar da ke gaban maƙeri

Ƙera irin wannan abu ya wuce a ƙara wa goge girma kawai. Dokar tsirkiya ita ce, idan aka ninka tsawonta, yawan kaɗawarta yana raguwa da rabi, kuma ana iya samun kaurin murya ta ƙara mata nauyi ko sassauta ɗaurinta. Sai dai tsirkiyar da ta yi sako-sako ba ta amsa baka da kyau. Tun da izga ba ta da tsawon da ake bukata, dole a koma ga wayar ƙarfe da aka naɗe, ko zaren roba mai kauri irin na masunta, wanda tuni ya maye gurbin jijiya da fata a kayan tsirkiya da dama na Afirka ta Yamma. Jiki ma dole ya girma, domin ƙaramar ƙwarya ba ta iya motsa iskar da sauti mai zurfi ke bukata, don haka sai an nemi masaki ko an sassaƙa akushi mai zurfi daga itace mai ƙwari.

Faɗin fata yana kawo tasa matsalar. Kowane mai goge ya san yadda fata ke saki da damina har sai an kanga ta a wuta ko an shanya ta a rana, da yadda take ɗaurewa ta yi tauri da hunturu. Babbar fata ta fi jin wannan sauyi, kuma tsirkiyoyi uku ko huɗu masu nauyi za su danna jaki ya nutse cikinta. Fatar guza ba ta da faɗin da zai rufe masaki, saboda haka zaɓin ya rage tsakanin fatar akuya ko ta ɗan maraƙi ko ta raƙumi, ko kuwa siririn allon katako wanda bai damu da raɓa ba amma yana rage amon da kunnen Bahaushe ya saba ji. Jakin kansa sai an sassaƙa samansa da lanƙwasa, ta yadda tsirkiyar tsakiya za ta ɗara na gefe tsayi. Idan lanƙwasar ta yi kaɗan baka zai haɗa biyu, idan ta yi yawa yatsan mai fizga zai sha wahala. A wannan ɗan itace, wanda bai fi tafin hannu ba, nasarar dukan aikin ta rataya.

Sai batun lantarki. Na'urar maganaɗisu ba ta jin izga ko roba, don haka wadda ta dace ita ce 'yar na'urar da ake liƙawa a ƙarƙashin jaki, mai mayar da matsi lantarki, wadda ba ta da tsada kuma masu gyaran rediyo za su iya haɗa ta. Amma a ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, wajibi ne abin kiɗan ya iya yin magana da kansa a zaure ko a tsakar gida ba tare da lasifika ba, kuma a nan ne samfuran Amurka masu dunƙulallen jiki suka gaza biyan bukatar makaɗin Tsafe, baya ga farashinsu da ya fi ƙarfin yawancin makaɗa.

Abin da maƙwabta suka gwada

Sauya fasalin kayan tsirkiya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ana danganta yaɗuwar kukuma a tsakiyar ƙarni na 20 da Ibrahim Na Habu, kafin Ali Makaho da wasu su ɗaukaka ta, kuma ta karɓu ne a matsayin abin kiɗan nishaɗi da bai ɗauki nauyin zargin da ke kan goge ba. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zagaya duniya da kuntigin da jikinsa gwangwanin kifi ne, shaidar cewa makaɗan Hausa sun saba ɗaukar abin da zamani ya kawo su mayar da shi nasu.

A Mali, Bassekou Kouyate ya kafa rukunin Ngoni Ba bisa kayan kiɗa iri guda, wato ngoni, ɗan'uwan molo, amma masu girma daban-daban har da mai kaurin bes, ya ƙara musu tsirkiyoyi, ya rataya su a kafaɗa, kuma faifansu na farko, Segu Blue, ya fito a 2007. A 2009 Ballaké Sissoko mai kaɗa abin kiɗan tsirkiya da ake kira kora da Vincent Ségal na Faransa mai celo suka fitar da faifan Chamber Music, inda ake jin celo yana gogawa a wani wuri yana fizga a wani, a ƙarƙashin kiɗan Mande, ba tare da ya danne shi ba. A Maroko da Tunisiya, zuriyar mutanen da aka kwasa daga ƙasashen kudu da Sahara, ciki har da Hausawa, suna riƙe da gimbiri mai tsirkiya uku da kaurin murya, wanda ke nuna cewa jikin itace da fata yana iya ɗaukar sauti mai zurfi. A Nijar kuwa rukunin Mamar Kassey ya daɗe yana haɗa molo da sarewa da ƙwarya da jitar bes, kuma cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai ta zama wurin da masu kayan gargajiya da na zamani ke haɗuwa.

Abin da zai raya shi

Kayan aikin duk suna nan a yankin: manoman duma, masassaƙan turmi da akushi, majema da dukawa, maƙeran da za su iya yin maɗaurin tsirkiya, da masu gyaran lantarki a kasuwannin Gusau. Akwai kuma cibiyoyin da za su iya ɗaukar nauyin gwaji, kamar Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara, da gidajen rediyon jihar waɗanda ke da taskar tsoffin waƙoƙi. Matakin farko shi ne a zaunar da tsofaffin masu goge da kukuma da garaya tare da masassaƙa, a ɗauki ma'aunin kayansu da sautukan da suke ɗaurewa, domin sabon abin ya tashi bisa matakan sautin Zamfara tun daga tushe.

Darasin arfejiyone shi ne ya kamata ya zama jagora. Abin kiɗa yana rayuwa ne idan an samu gwanin da ya mayar da shi sana'arsa, da yaran da ke koyo a gabansa, da waƙoƙin da mutane ke so waɗanda ba sa daɗi sai da shi. Kukuma ta samu waɗannan uku ta zauna, kuntigi ma haka. Sabon abin kiɗa yana da wata dama da goge bai samu ba, wato zuwa ba tare da tsohon zargi a wuyansa ba, ta yadda zai iya shiga waƙar faɗakarwa da ta noma da ta neman zaman lafiya, ya shiga makaranta da ɗakin ɗaukar waƙa. Yawancin masu riƙe da ilimin goge da garaya a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu manya ne, kuma rashin tsaro ya tarwatsa da yawa daga wuraren da ake koyon sana'ar. Duk gwajin da za a yi, ya kamata a fara shi tun waɗannan dattawa suna da ƙarfin riƙe baka su nuna wa na baya yadda ake dafa tsirkiya.